Ƙafar Kunkuru a Bukkokin Arlit

Ranar sadakar arba'in ɗin babanku ina ɗaki ina jin ku a tsakar gida kuna rabon gumba kuna hira. Sai na ji Salamatu ta ce, cikin dariya, ai Baba da furanninsa, saboda su ya hana mu komawa gida, saboda su ne Mama ba ta ga Inna ba kafin ta rasu. Kuka yi dariya irin ta ƙauna, ba wanda ya musa. Ni ma ban fito na musa ba, don ina cikin takaba, kuma kun san bakina idan ya buɗe ba ya rufuwa da wuri. Amma maganar ta tsaya mini a rai. Shekara da shekaru kuna faɗinta, shi kuma bawan Allah yana ji yana murmushi, ya ɗauki laifin da ba nasa ba har ya koma ga Ubangijinsa da shi. To yau zan sauke masa, ku ji yadda aka yi.

Babanku ɗan masu garka ne, wato masu noman lambu. A Mirriya kowa ya san gidansu da rake da albasa. Shi ne ƙarami cikin maza huɗu, kuma ƙarami a garka aikinsa jan ruwa ne, ba a neman shawararsa. Da labari ya iso cewa Nasaru sun sami wani dutse a hamada, wajen Arlit, suna haƙa, ana ɗaukar ma'aikata, sai ya ce zai tafi. Yayansa Malam Sale ya kwashe da dariya, ya ce me mai garka zai yi a inda ko ƙaya ba ta tsira. Babanku bai iya faɗa ba, bai taɓa iyawa ba. Abin da ya ce kawai shi ne, za a ji labari. Ni kuwa lokacin amarya ce, 'yar masu sayar da goro, ban san gero ba sai a turmi. Na hau kamiyo, babbar motar kaya, ina kuka, na sauka ina mita, don abin da na tarar ban ga dalilin kiransa gari ba. Fili ne shimfiɗe da baƙin tsakuwa, ga iska mai zafi kamar an buɗe murhu.

Ya sami aiki a unguwar manyan ma'aikatan kampani, wadda ake ce wa site, yana kula da lambunan gidajen Nasaru. Nan fa aka ga mutum. Duk itacen da ke garin nan da hannu aka dasa shi, kuma da yawansu hannun babanku ne. Abin da ya gagari wani, in aka ba shi, sati biyu ka ga ya miƙe. Matan Nasaru har rigima suke yi a kan wa zai fara zuwa gidanta. Aka ba mu ɗaki biyu na kampani da pampo da lantarki, a nan na haife ku ku uku. Da yamma idan ya dawo, ƙafa duk laka, zai zauna ya ba ni labarin kowace shuka, wadda ta yi fushi da wadda ta huce, ni kuma ina tankaɗe ina ce masa wanda bai huce ba shi ne cikina, ya matsa in wuce.

Wata rana ya dawo fuskarsa tana haske, ko ruwa bai sha ba ya fara magana. Akwai wata Madam, mijinta injiniya ne, sun yi aiki a wata ƙasa mai nisa da ake kira Ostiraliya kafin su zo nan, ta zo da wata shuka daga can cikin tukwane uku.

"Rakiya, yau na ga abin da ban taɓa gani ba," in ji shi.

"Albashi aka ƙara?"

"Ke dai ba ki da magana sai wannan. Fure ne. Madam ta ce sunansa pat da kanguru."

"Wane irin suna ke nan?"

"Pat ƙafa ce da Faransanci. Kanguru kuwa ai kin ji da kunnenki, kunkuru take nufi, bakin Nasara ne ba ya iya faɗi daidai."

Tun daga ranar ta zama ƙafar kunkuru a gidanmu. Sai bayan shekaru da yawa, da Salamatu ta zo da littafin lakwal, wato makaranta, muka ga hoton ainihin dabbar, wata aba mai dogayen ƙafafun baya da jaka a cikinta, ta ɗauko ɗanta tana tsalle. Babanku ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya mayar da littafin ya ce Allah Mai iko, amma shi dai kunkurunsa ya sani. A shekarar da nake ba ku labarinta ba wanda ya san wannan a cikinmu, kuma gara da ba mu sani ba.

Wata ranar Lahadi da masu gidan suka fita ya ja ni ta ƙofar baya na gan ta. Zan faɗi gaskiya, ko ni da ba ruwana da fure sai da na tsaya kallo. Ganyenta dogaye ne sirara, sun fito cunkus daga gindi. Daga tsakiya kara ya miƙe har ƙuguna, a kansa furanni ja da rawaya, kowanne dogo kamar yatsa, lulluɓe da gashi mai laushi, bakinsa ya tsage gida shida kamar farata. Ba ta da ƙamshi ko kaɗan. Na shafa, gashin ya sa mini ƙaiƙayi a hannu har yamma. Abin da ya kamata ku riƙe shi ne, duk lambun nan a hannun babanku yake ban da tukwanen nan uku. Madam da kanta take kula da su, a inuwar bango ta gabas, ba ta yarda kowa ya ba su ruwa ba. Nasa kawai ya ɗaga tukunya ya matsar inda ta nuna, ya tsaya yana kallo daga nesa da sha'awa.

Sai kasuwar dutsen ta faɗi. Mu mata ba mu san abin da ake yi da shi a can ƙasashensu ba, balle mu san me ya sa aka daina so. Mun dai ga gidajen site suna rufewa ɗaya bayan ɗaya, muna jin yau an sallami wane, gobe an sallami wane. Ranar da Madam za ta tafi ta kira babanku, ta nuna masa tukwanen, ta yi ta magana da sauri tana share hawaye, mota na jiranta. Shi kuwa Faransancinsa na gaisuwa ne da sunayen kayan aiki, yana ta amsa mata da wi Madam, wi Madam. Abu biyu ya kama: ka riƙe mini su, kuma zan dawo. Duk abin da ta faɗa game da ruwa da ƙasa ya wuce ta saman kansa. Wata biyu bayan haka takardar sallamarsa ta fito shi ma, aka ce mu ba da makullin ɗaki.

Muka koma bukkoki, bayan gari, inda ake gina ɗaki da fasassun tano, wato gangunan ƙarfe, da kwali da tabarma. Ranar ƙaura ni na ɗauki kayan ɗaki da ku, shi kuwa sawu uku ya yi da amalanke, kowace tukunya ita kaɗai, ya lulluɓe ta da rigarsa. Ruwan da a da nake murɗa pampo ya zubo, yanzu sai na bi layi tun safe in ɗauko a ka. Maƙwabciyarmu wata Ba'abziniya ce, Raishita, daga wajen Gugaram. Fari ne ya kashe musu dabbobi shekarun baya, mijinta ya tafi Libiya ba labari, ta zauna da akuya biyu tana saƙar tabarma. Hausarta kowa namiji ne, ni kaina kai take ce mini, kuma ba ta iya ɓoye abin da ta gani ba. Da farko mun yi faɗa a kan akuyarta da ta ci mini tsaki, daga baya ta zamar mini 'yar'uwa.

Ni tun a daren farko a bukka zuciyata ta riga ta tafi gida. Mutanenmu na Damagaram da Maraɗi kullum suna ɗaure kaya suna hawa kamiyo. Ga kuma wata magana da ta fara yawo, wai 'yan tawaye sun fara tare motoci tsakanin nan da Agadas, direbobi suna cewa duk mai tafiya ya tafi yanzu kafin hanya ta rufe. Ana cikin haka sai Iliya direba, ɗan unguwarmu a Mirriya, ya kawo mini kaset daga uwata Inna. A zamanin haka muke aika wa juna, tunda ba mu iya rubutu ba. Na ari rediyo na saka. Na ji zakaranmu yana cara a bayanta, na ji tarinta, sannan muryarta.

"Rakiya, ina gaishe ki, ina gaida mai gidanki da yara. Na ji abin da ya same ku, ba komai ba ne, aiki ne ya ƙare, ba rai ba. Ku taho gida. Ni kam ƙafa ta yi nauyi, ido ya fara hazo, ina so in ga jikokina tun ina iya rarrabe su. Kada ki tsaya taurin kan nan naki."

Na saka wa babanku ya ji har ƙarshe.

"Amana aka bar mini," ya ce. "Ba za su jure kwana uku a bisa kamiyo cikin wannan rana ba. Muddin ɗaya tana da rai ba ni barin garin nan. Ranar da ta ƙarshe ta mutu, ki ɗaure kaya mu tahi."

Na yi masa tas. Na ce Madam tana can tana shan iska ta manta da sunansa, na ce ban taɓa jin inda aka yi tuwo da fure ba. Amma ko ina faɗa na san ba Madam ce ta riƙe shi ba. Mutumin da ya ce wa yayansa za a ji labari, ga shi zai koma hannu biyu, ya sake kama guga a garkar wani. Tukwanen nan uku su kaɗai suka rage masa shaidar cewa ya taɓa zama wani. Ya je ƙofar kampani neman aiki har ya gaji ya daina. Ya rage cin abinci, ya daina ba ni labari da yamma, sai ya zauna gaban tukwane tun safe yana kallonsu.

Bazara ta kama sosai, zafin Arlit wanda kun san shi. A site akwai inuwar itatuwa da bango mai sanyi, a bukka kuwa kwano ne ke toya mutum ta sama da ta gefe. Ganyen suka fara yin rawaya suna kwanciya. Babanku ya yi abin da kowane ɗan garka zai yi, abin da ubansa da kakansa suka koya masa: shuka ta langaɓe, ƙishirwa ce, ta rame, yunwa ce. Ya duba ƙasar da ke cikin tukwanen ya ga yashi ne zalla da tsakuwa, ya girgiza kai ya ce Nasara da rowa, ko shukarsa ba zai ciyar ba. Ya je ya nemo baƙar ƙasa mai danƙo, ya roƙi kashin awaki wurin Raishita, ya cika tukunya biyu da su. Ta ukun ƙasar ba ta ishe shi ba, sai ya barbaɗa mata a sama kawai. Ya shiga ba su ruwa safe da yamma, yana yayyafa wa ganyen don su ji sanyi. Da na yi ƙorafin ruwa, sai ya ce daga rabonsa yake ɗiba, kuma gaskiya ya faɗa, na sha ganinsa ya kai moɗa baki ya fasa ya juye musu. A ƙasar da ba ruwa, ba mu san wata hanyar nuna wa abu ƙauna ba da ta wuce mu shayar da shi.

Baƙaƙen ɗigo suka fito a ganyen kamar an yayyafa tawada. Ta farko ta ruɓe daga gindi, ya ja ganye ya biyo hannunsa yana wari. Bayan sati biyu ta biyu ta bi ta. Allah Ya yafe mini, da kowace ta mutu sai in ji wani sanyi a raina, in shiga ɗaki in duba buhunan da zan zuba kaya. Ta ukun ma ganyenta duk ya bushe, saura 'yan tsiraru.

Wata rana da hantsi babanku ya tafi jana'iza, Raishita ta shigo aron turmi. Ta tsaya kan tukunyar da ta rage, wadda ke jiƙe sharkaf.

"Kai Rakiya, wannan ciyawa da mijinka yake wahala, mene sunansa?"

"Ƙafar kunkuru."

"Kunkuru?" Ta riƙe haɓa. "To don me yana zuba masa ruwa yanzu? Mu da muna bin dabbobi kudu, muna gani babban kunkuru. In zafi ya zo yana tona rami, yana shiga, ba ci ba sha, kana cewa ya mutu. Bai mutu ba, kwana yake yi. In ka cika ramin da ruwa, shi ke nan ka kashe shi. Sai sanyin damina ya taɓa ƙasa yana fitowa da kansa. Wanda ya sa wa ciyawa wannan suna ai ya san halinsa."

Ta ɗauki turmi ta fita abinta. Ni kuwa na durƙusa na cusa yatsa cikin ƙasar har na taɓo saiwar. Na zaci zan ji ta lugub kamar na sauran biyun. Sai na ji abu mai tauri, mai gaɓa-gaɓa kamar ɗanyar citta, gefe ɗaya ne kawai ya fara laushi. Na tuna yashin Madam da tsakuwarta, na tuna yadda take hana kowa kusantar su da ruwa. Ban yi lakwal ba amma ba a taɓa ce mini wawuya ba. Nan take na gane tana da rai, na gane kuma me ke kashe ta, na mayar da ƙasa na shafe wurin yatsana.

Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Kwana tara na yi da wannan sani a cikina ban ce uffan ba. Kullum safe da yamma ina kallon babanku yana kashe abin da yake so da hannunsa, har wani lokaci ni nake miƙa masa butar. Ina ce wa kaina ai ban yi komai ba, shiru kawai na yi, kuma uwa ta fi ciyawa, wa zai ce ba haka ba? Ina lissafin sati ɗaya ko biyu ya rage in ga Inna. Ga shi lokacin na fara jin cikin Auta, ina son in haihu a ɗakin uwata ko sau ɗaya a rayuwata. Ban ji kunya ba a kwanakin nan, sai daga baya.

A rana ta goma, bayan azahar, ya zo da buta ya tsuguna gaban tukunyar. Bai zuba ba. Ya ajiye butar, ya buɗe tafin hannuwansa biyu yana kallonsu, ya kira ni da wata murya da ban san shi da ita ba.

"Rakiya, fara ɗaure kaya. Wannan ma ba za ta kai Juma'a ba."

"To," na ce.

"Hannuna ya mutu. Da can in na taɓa abu sai ya tashi, yanzu in na taɓa sai ya ruɓe. In mun je gida kada ki bari Yaya Sale ya sa ni a garka, zan lalata musu. Zan nemi dako a kasuwa."

Abin da na yi kwana tara ina jira ke nan, ga shi an miƙo mini. Na kalle shi, na ga wuyan rigarsa ya yi masa yawa, na ga furfurar da ban san ranar da ta fito ba. Na gane idan na hau da shi kamiyo a haka, zan kai wa Inna jikokinta, amma mutumin da na aura a nan zan bar shi, wanda zan sauka da shi a Mirriya wani ne daban, kuma ni na yi shi. Ya ɗauki buta zai zuba na ƙarshe. Ban san lokacin da na fizge ta ba, ruwan ya zube a zanena.

"Malam, hannunka lafiyarsa lau, kunnenka ne ba ya ji! Kai ka raɗa mata suna da bakinka, ka taɓa ganin kunkuru yana wanka da bazara? Barci take yi, kana ta ɗura mata ruwa kamar mai shaƙuwa!"

Ransa ya ɓaci, karo na farko a wata uku, kuma wallahi na yi murna da ganin haka.

"Yanzu 'yar masu goro ce za ta koya mini shuka?"

"Da 'yar masu goro da Raishita mai kiwon raƙuma. Juye tukunyar ka gani, in ƙarya nake ka mayar da ni gidanmu, dama can nake so."

Ya juye ta a kan tabarma. Ya ɗauki saiwar ya shinshina, ya matsa da babban yatsa, ya kankare da farce ya ga fari a ciki. Sannan ya ce in miƙo masa wuƙa, kuma da jin yadda ya faɗa na san mai garka ya dawo. Ya yanke gefen da ya ruɓe, ya shafa toka a wurin, ya aske matattun ganyen har ƙasa, ya bar saiwar ta sha iska a inuwa. Da la'asar ya tafi ƙorama ya ɗebo yashi mai tsabta da tsakuwa, ya ƙara huda gindin tukunyar, ya binne ta sama-sama, ya ajiye ta gabas da bukka inda rana ke taɓawa da safe kawai. Ruwa kuwa rabin moɗa, a gefen tukunya, sai ƙasa ta bushe ƙayau kafin a sake. Raishita ta leƙo ta kan shinge ta ce yanzu ne mijinka ya yi hankali. Da daddare ya cinye tuwonsa ya nemi ƙari.

Wata biyu da wani abu muna kallon tukunyar yashi ba komai a kai, maƙwabta suna ce mana masu kiwon ƙasa. Amma shi bai zauna jira ba. Ya je bakin gari inda ruwan da kampani ya zubar yake gangarowa, inda wasu suka fara 'yan garake, ya roƙi wani ɗan fili da ba mai so saboda duwatsu, ya share shi da hannu. Salati da tumatir da albasar da kuka ci kuka girma, kuka yi lakwal da su, daga nan suka fito. Ranar da aka yi ɗan yayyafin da ake kira damina a Arlit, bayan kwana kaɗan, ya tashe ni da asuba ya ja ni waje. Wasu 'yan koraye guda uku sun huda yashi, ba su fi tsinken sakace ba. Ya tsuguna yana dariya yana share ido da hannun riga, yana cewa sannu da tashi, sannu da tashi.

A cikin waɗannan watanni hanya ta rufe kamar yadda direbobi suka faɗa. Aka koma ba mai fita sai an tara motoci soja sun raka su, wani lokaci a yi sati uku ba a tashi ba, wani lokaci a tashi a dawo da labarin da ba shi da daɗi. Babanku ya ce in bi rakiya in je in ga Inna ko ni kaɗai, har ya je ya yi magana da Iliya. Ni na ce a'a, cikina ya tsufa, kuma wa zai riƙe ku, bari in haihu, bari hanya ta yi sauƙi. Na aika mata kaset na ce da sanyi muna nan tafe. Don haka ku daina cewa ya hana ni. Sau biyu ƙofa ta buɗe mini, ranar buta da ranar rakiya, kuma duka biyun da hannuna na rufe. Ban yi nadamar ta farko ba ko sau ɗaya, don na sami mijina na ƙara shekara talatin da shi. Amma rashin nadama bai hana ciwo ba, har yau in na ji zakara ya yi cara da hantsi sai gabana ya faɗi.

Na haifi Auta cikin sanyi. A lokacin ƙafar kunkuru ta cika tukunya da ganye, ta fitar da kara guda, kansa ya fara ja. Ina da kwana ashirin da haihuwa, ina zaune a ƙofar bukka ina shan rana, sai ga Iliya ya shigo da ƙurar hanya a jikinsa. Na duba hannunsa ban ga kaset ba. Ya tsuguna nesa da ni, ya cire hula, ya ce sai haƙuri, Inna ta rasu yau sati uku ke nan, ba a sami mai kawo labari ba sai yanzu. Ya ce ba ta sha wahala ba, kuma kaset ɗina yana ƙarƙashin matashinta.

Ban yi kuka ba a lokacin. Babanku yana tsaye ya ji komai. Ya raka Iliya, ya dawo, ya wuce ni, ya nufi gabashin bukka. Na ga ya sunkuya ya rungumo tukunyar ya ɗaga ta sama har kansa, yana fuskantar duwatsun murhu. Mutumin da ko ganye ba ya tsinkewa sai ya yi bisimilla.

"Malam," na ce.

"Ni na jawo miki. Saboda wannan banzar ciyawa."

"Ajiye ta."

"Rakiya, bar ni."

"Na ce ka ajiye ta a hankali. Da uwata na saye ta, ba za ka fasa mini ba."

Ya tsaya haka kamar ba zai ji ba. Sannan ya sauke ta sannu a hankali, ya mayar da ita daidai inda gindinta ya yi shaida a ƙasa, ya zauna a gefenta ya rufe fuska. Na miƙa masa Auta ya riƙe. Na taɓa yashin na ji ya bushe, na ɗebo rabin moɗa na zuba a gefe, ban bari ya taɓa ganyen ba. Daga nan na shiga ɗaki na ja tabarmar ƙofa, na yi kukan uwata.